Sunan da Aka Raɗa Maka da Sunan da Kake Amsawa: Tambayoyi da Amsoshi

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim, kuma shekara da shekaru ni ne mai rubuta sunayen sababbin ɗalibai a rajista. Duk farkon shekarar karatu sai an maimaita abu ɗaya. Uba zai kawo yaro, in ce masa, "Yaya sunansa?" Ya ce, "Ɗanlami." In ce, "Na yanka fa?" Sai ya ɗan yi jim, ya ce, "Au, Isiyaku." Yaron kuwa ya ɗaga kai yana kallon ubansa, don wataƙila ranar ya fara jin wannan suna da kunnensa. Daga irin wannan zama tambayoyin nan suka taru. Wasu iyayen yara ne suka yi mini su, wasu tsofaffin ɗalibaina ne ta waya, wasu kuma a majalisar ƙofar masallaci aka tayar da su bayan la'asar.

Malam, ina da sunan yanka, ina da wanda ake kirana da shi a gida. Wanne ne sunana na gaskiya?

Duka biyun naka ne, aikinsu ne ya bambanta. Sunan yanka shi ne wanda mahaifinka ko wani babba ya raɗa maka a kunne lokacin huɗuba, aka bayyana shi ranar bakwai da safe a ƙofar gida, aka raba goro, liman ya yi addu'a, aka yanka rago, wanzami ya yi maka askin farko. Hadisi ya zo da yanka da aski da sa suna a rana ta bakwai, kodayake Manzon Allah (SAW) ya sa wa ɗansa Ibrahim suna tun ranar da aka haife shi. A mazhabar Malikiyya da muke bi, dabba ɗaya ta wadatar, ko namiji aka haifa ko mace. Da wannan suna za a ɗaura maka aure, da shi za a yi maka addu'a ranar da aka kai ka makwanci.

Na gida kuwa, wato laƙabi, yawanci daga cikin gida yake fitowa, daga bakin kaka ko gwaggo ko ungozoma. Sunan yanka yana faɗar wanda iyayenka suke fatan ka yi koyi da shi. Laƙabi yana faɗar yadda ka zo: wace rana, a wane yanayi, bayan wa, gidan yana cikin wane hali. Shi ya sa ba na son in ji matashi ya ce sunansa na gida "sunan banza" ne.

Na duba ma'anar sunana a intanet, sai na ga wai Usman ɗan tsuntsu ne. Ƙanwata Hadiza kuma wai bakwaini. Raina bai yi mini daɗi ba.

Abin da ka gani ba ƙarya ba ne. A tsohon Larabci, Usman ɗan wani tsuntsun daji ne, Khadija kuma yarinyar da aka haifa kafin watanninta su cika. Bakar ɗin da ke cikin Abubakar saurayin raƙumi ne. Abbas mai murtuke fuska ne, Fatima kuma daga kalmar yaye ta fito. Larabawan da suka fara sa waɗannan sunaye makiyaya ne mazauna sahara, da abin da ke gabansu suke sa suna, kamar yadda kakanninmu suka sa Nomau da Anaruwa.

Amma ka tambayi kanka: ranar da mahaifinka ya tsuguna ya raɗa maka Usman, tsuntsu ne a ransa? Usman bin Affan yake nufi, ko Shehu Usman Ɗanfodiyo, ko kuma mahaifinsa da ya rasu yana kewarsa. Ma'anar suna a wurinmu hawa biyu ce. Akwai ta ƙamus, akwai ta takwara, kuma ta takwara ta fi nauyi nesa ba kusa ba. Duk wanda ya sa wa 'yarsa Hadiza, Uwar Muminai yake tunawa, matar da ta fara gaskata Annabi lokacin da kowa ya juya baya.

Wasu sunayen dai ma'anarsu ta ƙamus a fili take kuma mai daɗi: Muhammadu wanda ake yawan yabo, A'isha mai rai, Aliyu maɗaukaki, Halima mai haƙuri, Bashir mai bushara, Nasiru mai taimako. Su Ibrahim, Isma'ila, Yakubu, Yusuf da Musa kuwa asalinsu ma ba Larabci ba ne, sunayen annabawa ne da Alƙur'ani ya kawo su yadda suke. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa kyawun suna bai tsaya ga harshe ɗaya ba.

Yaya sunayen rana suke?

Lahadi tana ba da Ɗanladi da Ladi, Litinin Ɗanliti da Altine, Talata Ɗantala da Talatu, Laraba Bala ko Balarabe da Larai ko Balaraba, Alhamis Ɗanlami da Lami, Juma'a Ɗanjuma da Jummai, Asabar Ɗan'asabe da Asabe. Mutane da yawa suna zaton Balarabe yana da alaƙa da Larabawa, alhali haihuwar Laraba ce kawai. A ƙauye inda ba a rubuta ranar haihuwa, waɗannan sunaye su ne takarda. Na sha jin tsohuwa tana warware gardama da cewa, "Ai Lami ce, ranar kasuwar Maigatari aka haife ta, ubanta ma ya tafi da awaki bai dawo ba sai dare."

Baba Malam, sunan kakana Ajuji, na wata gwaggona Ayashe. Me ya sa iyaye za su sa wa ɗansu irin wannan suna? Ba wulaƙanci ba ne?

'Yata, wannan tambaya ta taɓa ni, don ni ma ɗan wannan layi ne. Sunana na yanka Idrisu, amma duk ƙauyenmu Barau suka sani.

Waɗannan sunayen 'ya'yan wabi ne. Mace mai wabi ita ce wadda take haihuwa 'ya'yan suna mutuwa tun suna ƙanana, ɗaya bayan ɗaya. A da, kafin rigakafi ya yaɗu, ƙyanda da tarin shiƙa da zazzaɓin damina da gudawa suna kwashe yara a karkara ba kaɗan ba, kuma ba kowa ya san dalili ba. Idan irin wannan uwa ta sake haihuwa, tsoro ne yake cika gidan maimakon murna. Sai tsofaffi su ce a nuna kamar ba a damu da jaririn ba, ko abin da ke ɗauke 'ya'yan zai kau da kai. A kai shi kan juji a ajiye na ɗan lokaci, wata ta ɗauko, a ce masa Ajuji. Ko a ce Ayashe, wato a yar da ita. Wasu gidajen kuma roƙo suke yi kai tsaye: Abarshi, Abarta, Barau, Barmani, wato Allah Ka bar mana wannan.

Ina aji uku a firamare yara suka mayar da sunana Ɓarawo. Na koma gida ina kuka, na ce wa mahaifiyata ba na son sunan, a daina kirana da shi. Ba ta ce mini komai ba, ta ci gaba da tankaɗe. Sai da dare gwaggona ta kira ni ɗakinta ta gaya mini cewa uku aka binne kafin ni, babu wanda ya kai yaye. Ta ce ranar sunana mahaifiyata ko kwalli ba ta sa ba, don ba ta yarda zan kwana arba'in ba. Kakata ce ta ɗauke ni ta ce, "Wannan dai Barau ne, Allah Ya bar mana." Tun daga daren ban sake jin kunyar sunan ba.

Maganar gaskiya, camfin da ke bayan Ajuji da Ayashe ba shi da gurbi a Musulunci. Ba a yi wa mutuwa wayo, kuma ba na shawartar kowa ya kai jariri kan juji yau. Mace mai wabi asibiti za a kai ta, a yi awon ciki, a duba jininta da na mijinta, don wani wabin sikila ce, wani kuma rashin jituwar jinin uwa da na jariri ne. Amma kada ki raina wanda ya riga ya ɗauki sunan. Kakanki Ajuji shaida ne cewa wata mata ta sha wuya ba ta fid da rai ba, kuma ta dalilin wannan ɗa da ya rayu kika zo duniya.

Haka sauran sunayen yanayi suke ɗauke da labari. Tanko namiji ne da ya biyo mata, Kande ko Delu mace ce da ta biyo maza. Gambo ya biyo tagwaye. Audi bai tarar da mahaifinsa a raye ba, Talle maraya ne tun yana jariri. Mairiga ya fito a lulluɓe, Cindo yana da yatsa shida, Shekarau ya daɗe a ciki. Marka da Anaruwa 'yan tsakiyar damina ne, Ɗan'azumi da Azumi na watan Ramadan, Sallau na ranar salla. Kyauta an daɗe ana jiran ta. Ka tara sunayen gida ɗaya, za ka karanta tarihin uwar gidan ba tare da ta buɗe baki ba.

To ya halatta a sa sunan Hausa zalla, ko dole sai na Larabci?

Abin da shari'a ta nema shi ne suna mai kyakkyawar ma'ana wanda babu shirka a cikinsa. An ruwaito cewa mafi soyuwar sunaye a wurin Allah su ne Abdullahi da Abdurrahman, kuma sunayen annabawa da sahabbai suna da falalar koyi. Wannan fifiko ne, bai zama haramci ga sauran ba. Yalwa, Wada, Kyauta, Nagarta, Dogara, wane aibu ke cikinsu?

Sunayen Hausa sun riga na Larabci zama a ƙasar nan. Sarakunan Kano na farko su ne su Bagauda, Warisi, Gijimasu, Naguji, Shekarau da Tsamiya. Sai a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo da Musulunci fada, shi kansa ya zama Ali Yaji. Ka lura, bai yar da Yaji ba, Ali ya ƙara a gaba. Tsarin da muke kai har yau ke nan: na Musulunci a gaba, na gida a biye. Shekarau kuwa ya rayu tun daga wancan zamani har ya zama sunan da aka san gwamnan Kano na 2003 zuwa 2011 da shi.

Me ya haɗa Garba da Abubakar? Na ga duk Garba idan aka bincika Abubakar ne.

Kusan kowane babban suna yana da abokan tafiyarsa. Abubakar shi ne Garba, Habu, Buba da Sadiku. Umaru shi ne Sanda da Faruku. Usman shi ne Shehu da Mani, kuma Shehun nan albarkacin Ɗanfodiyo ne. Aliyu Haidar ne, Ibrahim Iro ne ko Halilu, Musa Kallamu, Yusuf Maitama, kamar marigayi Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, wanda ya rasu a 2017. A mata, A'isha ita ce Indo da Shatu da Humaira, Fatima Binta da Zara'u, Hadiza Dije da Kubura, Hauwa Kulu, Zainabu Abu, Maryamu Mairo, Halima Sadiya. Wasu daga laƙabin mai sunan na asali suka fito: Halilu daga Khalilullahi, Kallamu daga Kalimullahi, Sadiya daga ƙabilar Banu Sa'ad ta Halimar da ta shayar da Annabi. Wasu kuma harshenmu ne ya tauna sunan har ya yi laushi ya zama namu.

Sai gidan da uba ya ƙudurta duk 'ya'yansa maza Muhammadu ne. Nan lissafi ake bi da Larabci: Auwalu ko Lawal, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, Sadisu, Sabi'u, Saminu, Tasi'u, Ashiru. Idan ka haɗu da Tasi'u na asali, ka san akwai takwas a gabansa. A gidajen Fulani, irin waɗanda suka cika ƙasar Jahun da Kazaure, Dikko ɗan fari ne, Sambo mai bi masa.

Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba tun da nake. Ni ne ɗanta na fari. Wani lokaci abin yana damuna.

Ɗana, wannan alkunya ce, ba ƙiyayya ba. A al'adarmu, musamman inda aka cuɗanya da Fulani, uwa tana kunyar ɗan fari: ba ta faɗar sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, wani lokaci ma kaka ce take riƙe shi. Haka mace ba ta faɗar sunan mijinta, sai "Malam" ko "Maigida" ko "Baban su wance". Ba ta faɗar na surukanta. Daga nan ne su Abba, Baffa, Babangida, Ummi, Uwani, Iya, Walida da Halifa suka samo asali: an mayar wa yaro sunan kakansa, babu mai iya kiran sunan gatsau a tsakar gida, sai a sakaya.

Ina ganin kyawun wannan al'ada, don tana koya wa yaro cewa sunan babba ba abin wasa ba ne. Amma ina ganin inda take ciwo. Na koyar da 'yan fari da yawa waɗanda suka taso suna zaton an fi son ƙannensu. Idan uwa ba za ta iya faɗar sunan ba, to ta nemi wata hanyar da yaron zai gane matsayinsa. Kai kuma ka lura da wanda ake ajiye wa ƙanzon tuwo da wanda ake tashi tsakar dare ana yi wa addu'a idan ya yi tafiya.

Da gaske ne suna yana bin mutum?

Hausawa sun ce suna linzami ne. Akwai kuma labarin kakan Sa'idu bin Musayyib, mai suna Haznu, wato mai tsauri. Annabi (SAW) ya ce masa ya zama Sahlu, mai sauƙi, shi kuwa ya ce ba zai sauya sunan da ubansa ya sa masa ba. Sa'idu ya ce tsaurin bai gushe a cikin zuriyarsu ba. Buhari ne ya ruwaito.

Abin da na fahimta shi ne, suna addu'a ce da ake maimaitawa sau da yawa kullum, kuma tunatarwa ce. Yaron da ake ce wa, "Kai da kake da sunan Sayyidina Umar za ka yi ƙarya?" yana jin nauyin abin. Amma suna ba ya yi wa mutum tarbiyya. Na ga Salihun da ya addabi unguwa, na ga Ajujin da ya zama limamin gari.

Matata tana so mu sa wa 'yarmu Afnan, mahaifiyata ta ce ba ta san wannan suna ba. Yaya zan yi?

Afnan kalma ce ta Alƙur'ani, tana cikin Suratur Rahman aya ta 48, ma'anarta rassan itatuwa, a siffanta lambunan Aljanna. Babu laifi a cikinta. Haka Ilham, Hanan, Iman da Amira, duk ma'anarsu mai kyau ce. Abin da nake jan kunne a kai shi ne ɗauko kalma don daɗin amonta kawai, daga fim ko Facebook, ko buɗe Alƙur'ani a ɗora yatsa. Ba duk kalmar da ke cikin Alƙur'ani ta dace da suna ba, ai akwai Fir'auna da Jahannama a ciki. A tambayi malamin da ya san Larabci kafin ranar suna, ba bayanta ba. Harafi ɗaya yana juya ma'ana: Asiya matar Fir'auna, muminar da Alƙur'ani ya yaba, sunanta daban yake a rubutun Larabci da wata Asiyar mai nufin mai saɓo, wadda Annabi ya sauya wa mai ita suna zuwa Jamila.

Game da Hajiya kuwa, ka gane abin da take nufi. Ba ma'ana take tambaya ba, takwara take nema. Tana so ta ji sunan uwarta ko yayarta ya dawo gidan. Gidaje da yawa sun warware wannan cikin sauƙi: sunan yanka na kaka, Afnan ya zama na kira. Haƙƙin sa suna na uba ne, amma uban kirki yana shawara da wadda ta ɗauki cikin wata tara da wadda ta haife shi.

Wai ana iya gane gidan da mutum ya fito daga sunansa?

Sau da yawa, e. Tijjani da Inyass suna nuna gidan Tijjaniyya, na biyun saboda Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha a Senegal. Jilani da Abdulƙadir sun fi yawa a gidajen Ƙadiriyya. Buhari asalinsa ba sunan mutum ba ne, nisba ce ga birnin Bukhara da ke Uzbekistan ta yau, garin Imam Muhammad bin Isma'il mai littafin hadisi, amma ya zama namu tun tuni, har Haɗejia ta yi Sarki Buhari a ƙarni na 19. Suna yana nuna zamani ma. Murtala ya yawaita bayan kisan Janar Murtala Muhammed a Fabrairun 1976, Saddam kuma lokacin yaƙin Tekun Fasha na 1991. Idan na ga irin waɗannan a takarda, ina iya kintatar shekarun mai su kafin in gan shi.

A ƙauyukan Maguzawa na Kano da Jigawa za ka tarar da tsofaffin sunayen Hausa da ransu, su Nomau da Ranau da Tanko. Hausawa Kirista kuma suna da Bitrus, Bulus, Yohanna, Saratu, Rifkatu, tare da Alheri, Godiya da Murna, waɗanda Hausa ce tsantsa.

Me ya sa manyanmu da yawa suke amfani da sunan gari a madadin na uba?

Bahaushe ba shi da sunan zuriya irin na Turawa wanda ake gada kaka da kakanni. Kai wane ne ɗan wane, shi ke nan. Da makarantar boko ta zo da rajista mai neman suna na biyu, aji ɗaya kuma yana da Muhammadu biyar, ga kunyar faɗar sunan uba, sai gari ya shigo. Haka aka sami Malam Aminu Kano, da Abubakar Rimi daga Rimi ta ƙasar Sumaila, da Ali Sa'ad Birnin Kudu, da Kwankwaso da Ganduje, waɗannan biyun sunayen garuruwa ne a Madobi da Dawakin Tofa. Wasu kuma sana'ar gida ce ta bi su, su Maigoro, Maƙeri, Wanzam. Alhassan Ɗantata, attajirin da aka haifa a Bebeji ya rasu a 1955, sunan matar da ta raine shi, Tata, shi ne ya zama sunan zuriyarsa gaba ɗaya.

Ina son wannan al'ada ta sunan gari. Yaron da ya tafi Legas ko Abuja da Gujungu ko Kanya a ƙarshen sunansa, duk inda ya sa hannu ya ambaci gida.

Kawuna ne ya riƙe ni, sunansa aka rubuta mini a makaranta a matsayin uba. Kuma yanzu mijina yana so in koma amfani da nasa. Ina mafita?

Suratul Ahzab aya ta 5 ta yanke wannan: a kira su da sunan ubanninsu. A kan Zaidu bin Harisa ta sauka, wanda ake ce wa Zaidu ɗan Muhammadu saboda Annabi ne ya riƙe shi. Idan har ba a bar wa Manzon Allah wannan ba, ba za a bar wa kawu ba, komai alherinsa. Abin ya shafi gado da muharramaka da waliccin aure, ba ƙaramar magana ba ce. Ki gyara, amma ki je ki zauna da kawun naki tukuna ki yi masa bayani cikin ladabi, kada ya ji a bakin wani.

Sunan miji kuwa al'adar Turawa ce da ta shigo ta takardun ofis. Matan Annabi ba su koma 'ya'yansa a suna ba. A'isha ta zauna 'yar Abubakar, Safiyya ta zauna 'yar Huyayyu duk da cewa mahaifinta ya yi gaba da Musulunci. Aure yana iya mutuwa, miji yana iya rasuwa ki auri wani, ubanki kuwa ɗaya ne har abada.

Sunana a takardar firamare daban, a katin ɗan ƙasa daban, a banki daban. Wannan matsala ce?

Babbar matsala ce, kuma ita ta fi cin yaran karkara yanzu. Tun da aka fito da lambar BVN ta banki a 2014, aka kuma wajabta lambar NIN ta katin ɗan ƙasa ga masu rubuta jarrabawar JAMB daga 2021, kwamfuta ce take duba suna, ita kuwa ba ta san Garba shi ne Abubakar ba. A wurinta Muhammad, Mohammed da Muhammadu mutum uku ne. Wani ɗalibina mai ƙoƙari ya rasa shekara guda cur saboda takarda ɗaya ta ce Sani Garba, ɗaya ta ce Muhammad Sani Abubakar. Duka gaskiya ne, duka shi ne, amma sai da aka yi ta zirga-zirga zuwa birni ana kashe kuɗin mota.

Shawarata ga iyaye: ku karɓi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya tun yaro yana jariri, ku zaɓi rubutu ɗaya da jeri ɗaya, sunan yanka sannan sunan yankan uba, ku rubuta a takarda ku ajiye a cikin akwati. Duk inda za a yi rajista, ku miƙa takardar, kada ku faɗa da baki. Kafin ku tashi daga gaban mai kwamfuta, ku sa a karanta muku abin da ya rubuta. Wanda nasa ya riga ya cakuɗe, hanyar ita ce takardar rantsuwa daga kotu, wani lokaci da sanarwa a jarida, sannan a bi ofisoshin ɗaya bayan ɗaya. Laƙabi ya zauna a gida da bakin masoya, babu abin da zai rage masa.

Akwai sunan da ake kirana da shi wanda ba na so. Zan iya hanawa? Zan iya sauya na yanka ma?

Za ka iya. Suratul Hujurat aya ta 11 ta hana jifan juna da miyagun laƙubba. Ma'aunin shi ne mai sunan: idan Dogo ko Jatau yana amsawa da fara'a, babu komai, idan kuwa ana kiran mutum da nakasarsa ko wani abin kunya da ya taɓa faruwa da shi yana jin zafi, to zalunci ne ko da duk gari sun saba. A ajina ba na barin wannan ko sau ɗaya.

Sunan yanka ma ana sauyawa idan ma'anarsa ba ta da kyau. Annabi ya mayar da Barra ta zama Zainab, wata Barrar ta zama Juwairiyya. Ba sai an sake yanka rago ba. Sai dai idan sunan lafiyayye ne, kawai ka ga ya tsufa ne ko ya yi ƙauyanci, ina roƙonka ka dakata ka fara bin amsar da ke ƙasa.

Wa zan tambaya in san labarin sunana?

Fara da mata tsofaffi: kaka, gwaggo, inna, kishiyar uwa, ungozomar unguwa idan tana raye. Maza sun san wanda aka yi wa takwara, mata ne suka san dalili. Wanzamin gidanku ma yana da labari, don shi ya yi askin. Kada ka tsaya a "me sunana yake nufi". Ka ce: wa ya zaɓa? Sunan wa aka mayar? Wane irin mutum ne shi? An yi gardama? Wa ya fara kirana da sunan gida? Wace shekara ce, ta yunwa ko ta yalwa, gero yana tsaye ko an girbe? Ka tafi da goro ko ɗan turare, ka zauna a tabarma, kada ka yi gaggawa, kuma ka ɗauki muryar a wayarka idan sun yarda.

Ni na koma wurin gwaggona bayan na girma, shekara biyu kafin ta rasu, na ce ta faɗa mini sunayen ukun nan da suka riga ni. Ta yi shiru har na zaci ta manta. Sannan ta ƙirga da yatsunta: Hauwa'u, wadda ta yi wata bakwai, Sale, wanda ƙyanda ta ɗauka ana gab da yaye shi, sai Amadu, wanda ya kwana tara, kwana biyu bayan an yanka ragonsa. Na rubuta su a takarda na sa cikin gafakar Alƙur'anina. 'Yata ta biyu Hauwa'u ce. Ranar da aka faɗi sunan a ƙofar gida aka kai labari ciki, mahaifiyata ta aiko a miƙo mata jaririyar, ta riƙe ta har azahar ba ta ba kowa ba.